Kiredit 18 a zangon farko a Amurka? Amsa ga ƙanena

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, na kuma yi farin ciki ƙwarai da jin ka samu gurbin karatun injiniya, ga biza ta fito. Allah ya sanya alheri. Ka ce kana son yin rajistar kiredit 18 (kiredit shi ne ma'aunin nauyin kwas, ɗaya kamar awa ɗaya ce a aji kowane mako) a zangon farko: kalkulas, da kemistiri da fiziks kowanne da lab ɗinsa, wato ajin gwaje-gwajen kimiyya, da kwas ɗin rubuta manhaja, da Turanci, don ka gama digiri a shekara uku ka rage wa Baba nauyin dala. Ka tambaye ni ko tsarin ya yi. Gaskiya bai yi ba, kuma zan gaya maka dalili dalla-dalla, don na san ba lalaci ne matsalarka ba.

Na san daga inda tunanin ya fito. A jami'o'inmu na gida ɗalibi kan ɗauki yunit ashirin ko fiye a zango ɗaya, ba wanda zai ce ya yi abin mamaki. A nan lissafin daban ne. Ƙa'idar da ake bi ita ce kowace awa ɗaya a aji tana jan awa biyu na aiki a wajen aji. Kiredit 18 ke nan awa 54 a mako. Lab kuma mayaudari ne: kiredit ɗaya ake rubuta masa, amma za ka tsaya wajen awa uku kana gwaji, ka dawo ka rubuta rahoto kafin mako ya zagayo, kai kuwa biyu ka jero. In ka ɗora aikin cikin makaranta da ka ce za ka nema, wanda doka ta yarda maka har awa 20 a mako lokacin karatu, ka kai awa 74. Ba ka yi girki ba, ba ka yi wanki ba, ba ka jira bas ba.

Abin da ya fi kayar da yaranmu shi ne yadda ake tara maki. A gida mutum zai iya yin sakaci wata biyu, ya kwana uku yana haddace handawut, jarrabawar ƙarshe ta fitar da shi. A nan tun makon farko ake fara ƙirga maka. Aikin gida na kalkulas kowane mako, ana turawa ta intanet, shafin ya rufe da ƙarfe 11:59 na dare ko ka gama ko ba ka gama ba. Ga ƙananan gwaje-gwaje, ga jarrabawar tsakiyar zango sau biyu ko uku a kwas guda. Wajen mako na biyar zuwa na shida sai su taru kusan lokaci ɗaya. Na taɓa zama da wani yaro Bazazzagi, haziƙi na gaske, a ɗakin karatu cikin watan Oktoba. Ya buɗe kwamfuta ya nuna min jadawalinsa: jarrabawar fiziks Talata, ta kemistiri Laraba, rahoton lab da maƙalar Turanci duk ranar Alhamis. Ba abin da bai gane ba a cikinsu. Lokaci ne ya ƙare masa, ga shi kunnensa bai gama sabawa da saurin bakin malaman ba, yana sauraron lakca ɗaya sau biyu kafin ya kama. Wannan sabawar kunnen kaɗai tana cin makonni, ko da A ka ci a Turancin WAEC.

Yanzu ga maganar da nake so ka riƙe da kyau. Bizarka ta F-1 ta wajabta maka aƙalla kiredit 12 a kowane zango, kuma kwas ɗaya kacal na intanet, wanda bai wuce kiredit uku ba, ake ƙirgawa a cikinsu. Ɗalibi ɗan ƙasa in kwas ya yi masa nauyi sai ya ajiye abinsa. Kai in ka ajiye ka faɗo ƙasa da 12 ba tare da izinin ofishin ɗaliban ƙasashen waje ba, ka taɓa matsayin zamanka a ƙasar. Saboda haka 12 cif-cif ma ban ba ka shawararsa ba, don ba ka da wurin ja da baya. Ka tsaya a 15 ko 16, kuma ka yi lissafin da fensir: in kana da 15 ka ajiye kwas mai kiredit uku, ka sauka a 12 lafiya, amma in mai huɗu ne ya gagare ka, ka koma 11. Da 16 ko wanne ka ajiye kana cikin ƙa'ida. Akwai izinin rage kaya da jami'in ofishin, wanda ake kira DSO, yake iya bayarwa saboda wahalar harshe a farkon zuwa ko an sa ka a ajin da ya fi ƙarfinka, amma sau ɗaya ake bayarwa, kuma kafin ka ajiye ake nema, ba bayan ka ajiye ba.

Da ni ne, kalkulas da kimiyya ɗaya mai lab, su ne manyan biyu. Sai Turancin rubutu, sai kwas ɗaya na gama-gari mai sauƙin kai, sai ɗan ƙaramin kwas ɗin gabatarwa da sashenku ke sa sababbi. Fiziks ya jira zango na biyu, dama a makarantu da yawa sai ka ci kalkulas na farko ake bari ka shiga. Kada ka raina Turancin nan. Za a sa ka rubuta maƙala ka gyara ta sau da yawa, a koya maka yadda ake nuna daga inda ka ɗauko magana, kuma kwafe rubutun wani ba tare da ambatonsa ba laifi ne da kan kai mutum gaban kwamiti. In kuma gwajin tantance matakin lissafi ya sa ka a aji na ƙasa da wanda ka so, ka karɓa, kada ka je kana roƙon a ɗaga ka.

Batun kuɗi kana da gaskiya ta wani ɓangare. Jami'o'i da dama kuɗi ɗaya suke karɓa daga kiredit 12 zuwa 18, don haka ƙarin kamar kyauta ne. Sai dai injiniya karatu ne mai hawa-hawa: kalkulas na ɗaya, na biyu, na uku, kowanne sai ka ci na bayansa, kuma kwasa-kwasan sashe suna rataye a kansu. Cusa kaya a zangon farko ba ya gajarta wannan layin. Digiri yawanci kiredit 120 ne, na injiniya kan ɗara haka kaɗan, an kuma tsara shi a kan zango takwas. Sannan ka koma ka karanta takardar tallafin karatunka. Yawancinsu suna da sharaɗin GPA, wato matsakaicin makinka na duk kwasa-kwasai, da yawa 3.0 cikin 4.0 suke sawa. C biyu da D ɗaya a zangon farko, lokacin da ba ka da wasu makin da za su rufa maka asiri, sun isa su sa tallafin cikin haɗari, kuma wannan asarar ta fi duk abin da kake son tanada wa Baba. In ka ga ƙafarka ta tsaya, akwai zangon hutun bazara, akwai ƙananan kwalejoji masu rahusa da ake ɗaukar kwas a cikinsu a dawo da makin, in makarantarku ta amince tun farko a rubuce.

Wajen zaɓen lokutan aji, ka tuna da Juma'a. Azuzuwan Litinin, Laraba da Juma'a minti 50 ne, na Talata da Alhamis minti 75, kuma kwas ɗaya kan zo da rukuni da yawa. Ka bar tsakar ranar Juma'a a buɗe, musamman kada lab ya faɗo nan, don lab ba a fita a tsakiyarsa. Ka guji jera ajin ƙarfe takwas na safe kullum. A Agusta ba komai ba ne, amma a Disamba, a jihohin arewa irin inda za ka, za ka fito cikin duhu da ƙanƙara, rana kuma ta faɗi kafin biyar na yamma. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa wajen Fabrairu da Maris, cikin zangonka na biyu, ka sa shi a lissafi ranar da za ka zaɓi lokacin lab ɗin fiziks.

Makon farko ana barin mutum ya sauya kwas ba tare da ya bar tabo a takardarsa ba. Ka shiga kowane aji, ka karanta takardar tsarin kwas da malami zai raba, ka kwafe ranakun jarrabawa duka a kalanda ɗaya. In ka ga uku sun haɗu a mako guda, ka je wurin mai ba ku shawara kafin wa'adin ya wuce.

Baba kuwa ka bar ni da shi, zan kira shi in yi masa bayani da kaina, kada ya ɗauka ragwanci ne. Kai dai ka turo min hoton shafin sharuɗɗan tallafin da jerin kwasa-kwasan shekarar farko na sashenku kafin ranar rajista, mu zauna a waya mu tsara. Ka gaishe min da Inna da su Yaya.