Tambaya da Amsa: Kyanwata Tana Cinye Kayan Wasanta

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni tela ce, a gida nake ɗinki, kuma ina da 'yar kyanwa mai wata biyar da aka ba ni tun tana 'yar mitsitsiya. Na dunƙule mata ulu don ta riƙa wasa, amma maimakon ta mirgina shi sai ta kwanta tana taunarsa tana haɗiye abin da ta tsinko, kuma robar ɗaure gashi da leda ma ba ta bar su ba. Makon jiya na ga zare yana reto a bayanta bayan ta yi kashi, na ja shi ya fito. Shin akwai haɗari a cikin wannan, kuma da me ya kamata ta riƙa wasa? Daga mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya kiyaye a wancan karon, amma ina roƙonki kada ki sake jan zaren da kika gani a bakinta ko a bayanta, domin a cikin duk abin da kika lissafa zare ne ya fi haɗari.

Harshen kyanwa lulluɓe yake da ƙananan ƙayoyi masu fuskantar maƙogwaro, shi ya sa kike jin kaushi idan ta lashi hannunki. Da su take gyara gashinta, amma idan zare ya sarƙe a cikinsu ba ta iya tofar da shi, sai dai ta yi ta haɗiya. Sau da yawa bakin zaren yakan naɗe a gindin harshe ko ya maƙale a inda tumbi ya haɗu da hanji, ragowar kuma hanji ya ci gaba da jansa. Ke da kike ɗinki kin san yadda ƙubakar wando take tattarewa idan an ja mazagi. Haka hanjin yake tattarewa a jikin zaren, zaren kuma yana yankarsa sannu a hankali har ya huda shi, ƙazanta ta zuba cikin ciki. Idan an kai nan sai tiyata, kuma ba kowace kyanwa ce take tashi ba. Jan zaren da hannu yana iya yin wannan yankan a lokaci guda.

Idan kin sake ganin zare a bayanta, ki datse wanda ya fito da almakashi, ki kai ta wurin likitan dabbobi. Haka ma idan ta fara amai a kai a kai, ta ƙi abinci, ta riƙa ɓuya, ko ta yi kuka in an taɓa cikinta, kada a kwana ba a je ba. Ke da kike Funtuwa, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya bai yi miki nisa ba. Kada a ɗura mata ruwan gishiri don ta yi amai, kuma kada a kuskura a ba ta farasitamol, domin hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.

Taunar kuwa tana da dalili. Tsakanin wata uku zuwa shida ne haƙoran nono 26 suke zubewa, na dindindin 30 su maye gurbinsu, don haka dasashinta yana yi mata ƙaiƙayi a yanzu. Wadda aka raba da uwarta da wuri, kamar taki, ta fi saurin ɗaukar ɗabi'ar tsotsar ulu da tsumma. Idan ɗabi'ar ta ci gaba bayan haƙoran sun gama fitowa, ko kika ga tana lasar siminti da cin ƙasa, a duba jininta, domin ƙarancin jini yana iya jawo haka.

Hana ta wasa ba zai magance komai ba, don kyanwar da ba ta da abin farauta ita ce take komawa kan wayar caja da gefen tabarma. Ki ɗaura ƙyalle mai kauri a bakin sanda ki riƙa jansa a ƙasa kamar ɓera yana gudu, minti goma zuwa sha biyar da safe da kuma yamma, lokacin da farauta take motsa mata, sannan ki ba ta abinci da zarar an gama, ki ɗauke sandar ki kulle. Abin da za a bar mata ita kaɗai dole ya fi ƙarfin haɗiyarta kuma ya zama ba shi da abin tsinkewa: ƙwallon tebur, kwalin da aka cire wa salatif aka huda masa ƙofofi, ko 'yar matashiya da za ki ɗinka da yadin jins, ba maɓalli, ba dutsen ado, ba geza. Ki riƙa duba ta duk mako, da zarar ɗinkin ya fara warwarewa ki jefar.

Dunƙulen ulun nan ki ɗauke shi yau. Ki share zaren da ya zuba ƙarƙashin keke duk lokacin da kika tashi daga aiki, allura mai zare a jiki kuma ta kwana a cikin gwangwani mai murfi, domin kyanwa takan bi zaren ne ta haɗiye har da allurar.