Allurar da aka yi wa yaro yana jariri, har yaushe take kare shi?

Tambaya: Salam likita, ɗana ya karɓi duk alluransa yana jariri, yanzu shekararsa 6 ya shiga firamare, shin har yanzu suna aiki ko sun salance? Tun lokacin ɓarkewar mashaƙo hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Gaskiya ba duka suke daɗewa iri ɗaya ba. Penta ɗin nan da ake yi a cinya a sati 6, 10 da 14, wadda ke sa yaro zazzaɓi da rigima kwana ɗaya ko biyu, a cikinta akwai ta mashaƙo da tetanus da tarin shiƙa da Hib (ƙwayar cuta mai jawo sanƙarau da nimoniya ga ƙananan yara), sai ta hepatitis B wato ciwon hanta. Hib da ta nimoniya wato PCV ba na damuwa da su sosai, don haɗarinsu ya fi yawa kafin shekara 5, yaronki ya riga ya tsallake wannan gaɓar.

Inda gizo ke saƙar shi ne mashaƙo da tetanus. Allura uku na jarirai suna kafa tushe ne, amma ƙarfin yana raguwa a hankali cikin 'yan shekaru, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙara uku, ɗaya tsakanin wata 12 zuwa 23, ɗaya a shekara 4 zuwa 7, ta ƙarshe a 9 zuwa 15, kuma mu nan yawanci da an yi ta ƙyanda shikenan sai a jefa kati ƙarƙashin katifa ba a ƙara waiwayarsa. Jiki bai manta cutar kwatakwata ba fa, yana dai buƙatar tuni, kuma dafin mashaƙo ba ya jira. A ɓarkewar da ta faro a Kano ƙarshen 2022 yawancin yaran da ta kama ba su da allurar ko ba su kammala ba, don haka naki yana gaba da su nesa.

Ta tarin shiƙa ma tana sanyi bayan wasu shekaru. BCG mai barin tabo a damtse takan kai wajen shekara 10 zuwa 15 tana tare munanan nau'in tarin fuka na yara, kuma ba a maimaita ta.

Ki ɗauki katin ki je asibitin sha-ka-tafi na kusa da ku, ki ce ana son a duba ko zai samu Td, wato allurar tuni ta tetanus da mashaƙo, shekarunsa sun yi daidai. In kuma kika ga ciwon maƙogwaro da kumburin wuya, ko farin abu ya lulluɓe can ciki, kar ki tsaya kemis, asibiti kai tsaye ko da katin ya cika.