Amsa kan kwalejin Centre da ta doke Harvard a 1921

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambayi yadda aka yi ƙaramar kwaleji irin Centre ta doke Harvard a ƙwallon Amurka, amma yau ba a jin ɗuriyarta. Na yi karatu a Lexington ta jihar Kentucky, kuma na sha zuwa garin Danville, inda kwalejin take, kallon wasanninsu na ranar Asabar, saboda haka zan faɗi abin da na sani.

An kafa kwalejin a 1819, ta fara buga wannan wasa a 1880, amma sunanta bai fito ba sai da Robert Myers, wanda ya horar da yara a wata sakandare ta Fort Worth a Texas, ya jawo ɗalibansa zuwa Danville, cikinsu har da Bo McMillin da Red Weaver. A ganina nan ne sirrin yake, domin samari ne da suka san juna a fili tun suna yara, sai kuma suka samu koci mai tsanani, Charley Moran. A 1919 babu wanda ya doke su. A 1920 suka je Harvard aka lallasa su da ci 31 da 14, suka koma gida da sanin lagon abokan karawarsu.

Ranar 29 ga Oktoba 1921 suka sake komawa. Harvard ba ta sha kashi ko sau ɗaya ba a kakar 1919 da ta 1920, ita kuwa Centre ɗalibanta duka ba su kai 300 ba. Aka tafi hutun rabin lokaci babu ci. Da aka dawo, McMillin ya ruga da ƙwallo yadi 32 har ƙarshen fili, ya samo maki shida, kuma a haka aka tashi. Ɗalibai suka bi garin Danville suna rubuta C6H0, wato Centre 6 Harvard 0, da fenti a duk inda hannu ya kai. Har yanzu rubutun yana nan a bangon wani tsohon gini na makarantar, kuma shi ake fara nuna wa baƙo.

Game da rashin jin ɗuriyarta kuwa, ban yarda da masu cewa lalacewa ta yi ba. A 1924 ma ta doke jami'o'in Alabama da Georgia. Wasan ne ya koma harkar kuɗi, manyan jami'o'i suka gina filaye masu cin dubun-dubatar 'yan kallo, suna ɗaukar nauyin karatun 'yan wasa, daga baya kuɗin talabijin ya ƙara nisan tazarar. Makarantar da ɗalibanta ba su kai 2,000 ba, ba ta da ƙarfin wannan tsere. Yanzu tana rukuni na uku na NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, inda doka ta hana ba ɗalibi tallafin karatu don wasa kawai.

Abin da na gani a filinsu ya yi daidai da haka. Yawancin 'yan kallo iyaye ne da tsofaffin ɗalibai, kuma da an tashi sai su sauko cikin fili su gaisa da 'ya'yansu, waɗanda ranar Litinin za su koma aji kamar kowa. Idan kana son bin wasanninsu, suna gasar Southern Athletic Association tun 2012, kuma ana fara kaka ne a watan Satumba.