Ta ina zan kama jigon ra'ayin kai da bin jama'a a adabin Amurka?

Ɗan'uwa, kan tambayarka ta inda za ka fara nazarin wannan jigo: soma da maƙalar marubuci Ralph Waldo Emerson, "Self-Reliance" (wato dogaro da kai), ta 1841. A nan ya kafa hujjar cewa bin yarima a sha kiɗa yana kashe mutuntaka. Abokinsa, marubuci Henry David Thoreau, ya gwada abin a aikace, har ya kwana ɗaya a kurkuku a 1846 saboda ƙin biyan harajin gwamnatin da ke kare bauta.

Amma tsokar tana babi na 31 na "Huckleberry Finn", littafin labari na Mark Twain. Huck, yaron da labarin ke kansa, ya rubuta wasiƙar tona asirin Jim, bawan da ya gudu, sannan ya yage ta. Nan ɗalibai kan zame, su ce yaron ya gane gaskiya. A'a. Ya yi imani zunubi ya aikata, wuta za shi, domin tarbiyyar garinsu ta riga ta mallake zuciyarsa. Tawayen nasa da kansa yake yi.

Ka haɗa da gajeren labarin "Bartleby" na Herman Melville, 1853, don kada aikinka ya zama kirari: magatakardan da ya ƙi bin umarni, ƙin cin abinci ya kashe shi a gidan yari.