Ku Tambaya Mu Amsa: Dutsen Annabi Adamu na Tsibirin Sarandib

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji malaminmu yana cewa a wani dutse na tsibirin Sarandib aka saukar da Annabi Adamu (AS), har sawunsa na nan. Ina wurin yake, kuma ana iya hawansa? Daga wani ɗalibi a Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Sarandib sunan da Larabawa suka san ƙasar Sri Lanka da shi ne, tsibirin da ke kudu da Indiya. Dutsen yana kudu maso yammacin tsaunukan tsakiyar ƙasar, tsayinsa mita 2,243. Mutanen ƙasar suna ce masa Sri Pada, wato sawu mai tsarki. Ba shi ne mafi tsayi a tsibirin ba, Pidurutalagala ya fi shi da mita 2,524, amma shi ne wanda ido ke fara kamawa, don ya tashi tsololo shi kaɗai kamar kan ɗaki. Ba dutse mai aman wuta ba ne. Manyan koguna huɗu na samun ruwa daga yankinsa: Mahaweli, Kelani, Kalu da Walawe. A gindinsa ta kudu maso yamma akwai garin Ratnapura, inda ake haƙo yakutu tun zamanin da.

A ƙololuwa akwai wani lotsi a jikin dutse mai siffar tafin ƙafa, tsawonsa ya haura mita ɗaya da rabi. Mabiya addinin Buddha sun ce sawun Buddha ne, kuma su ke riƙe da wurin, sun gina ɗakin ibada a kansa. 'Yan Hindu sun ce na Shiba ne, ɗaya daga cikin manyan abubuwan bautarsu. Maganar saukar Annabi Adamu kuwa ta zo ne a littattafan tarihi da wasu tafsirai, ba ta cikin Alƙur'ani, saboda haka a ɗauke ta a matsayin labari, kada a mai da zuwa wurin ibada.

Tambaya: Da gaske ne Ibn Battuta ya hau shi? Wa ya fara hawa? Daga wata malamar tarihi a Katsina.

Amsa: Gaskiya ne, Malama, a 1344. Shi ne dai matafiyin nan ɗan Tanja wanda daga baya, a 1353, ya biyo ta Takadda har ya ambaci Gobir. Da ya sauka tsibirin, sarkin arewacin ƙasar ya haɗa shi da 'yan rakiya da masu ɗaukar guzuri. Bayaninsa ya fi na kowa daɗin karantawa. Ya ce hanyoyi biyu ne, Hanyar Baba da Hanyar Mama, wato Adamu da Hauwa'u. Ta Mama mai sauƙi ce, kuma wanda ya hau ta nan a wurin masu ziyara kamar bai je ba. Ta Baba ita ce mai wuya, inda magabata suka sassaƙa matakala a jikin dutse, suka kafa turakun ƙarfe, suka rataya sarƙoƙi goma. Ta goman ana ce mata Sarƙar Shahada, domin duk wanda ya kai nan ya leƙa ƙasa, tsoro kan sa ya yi kalmar shahada. Ya auna sawun ya samu taƙi 11, ya kuma ambaci matsattsakun da ke faɗo wa mutane daga bishiyoyi, waɗanda ake matsa musu lemun tsami su saki.

Wanda ya fara hawa kuwa, tarihi bai riƙe sunansa ba, don masu ziyara sun daɗe suna hawa kafin a fara rubutawa. Sarki Vijayabahu na Farko, a ƙarni na 11, ya ware ƙauyen Gilimale don ciyar da masu ziyara, Sarki Nissanka Malla kuma ya hau da ƙafarsa a ƙarshen ƙarni na 12. Baturen Ingila na farko da aka rubuta ya kai ƙololuwa shi ne wani hafsan soja, Laftanar Malcolm, a 1815. In kika ga an rubuta wai shi ya “gano” dutsen, ki tuna sarƙoƙin da ya kama ya hau sun girme shi da ɗaruruwan shekaru.

Tambaya: Ina zuwa Kolambo, babban birnin kasuwancin Sri Lanka, sayayya, ina so in hau dutsen. Me zan shirya? Shekaruna 48. Daga wani ɗan kasuwa a Kano.

Amsa: Alhaji, fara da duba lokaci. Kakar hawa tana farawa ranar cikar wata a Disamba, ta ƙare ranar cikar wata a Mayu. A tsakanin nan fitilu na kunne tun daga gindi har sama, masu shayi na buɗe. Bayan Mayu damina ce, ga santsi, ga hazo, ga matsattsaku. Ka guji ƙarshen mako da ranakun cikar wata da tsakiyar Afrilu, lokacin sabuwar shekararsu. Matakalar ƙarshe ƙunci ne da ita, cunkoso kan tsayar da mutum sa'o'i a wuri ɗaya har rana ta fito bai kai ba.

Hanya mafi gajarta ita ce ta garin Hatton. Daga can ka shiga mota zuwa ƙauyen Nallathanniya, ta cikin gonakin shayi, ka kwana. Ka tashi misalin ƙarfe 2 na dare. Za ka hau tsayin kusan mita 1,000 a kan matakala sama da 5,000, cikin awa uku zuwa huɗu. Farkon hanyar shimfiɗe take, kuma nan ne mutane ke yin kuskure: su saki ƙafa, su jiƙe da gumi, in sun kai sama iska ta buge su da jiƙaƙƙiyar riga. Ka tafi sannu, ka sa busasshiyar riga da rigar sanyi da hula a jaka. Ruwa lita ɗaya da rabi ya isa, da dabino, da tocila ko da akwai fitilu.

A sama ana cire takalmi, daɓen kuma sanyi ƙarara. Asuba za ta riske ka a can, kuma filin ƙololuwa ɗakin ibadar wasu ne cike da jama'a, don haka ka riƙe alwala ka yi salla a wani fili da ke ƙasa kaɗan. Alƙibla a can yamma take, ta ɗan karkata arewa, ba gabas ba kamar gida.

Da rana ta ɓullo kowa zai juya gabas. Kai ka zagaya yamma. Inuwar dutsen takan faɗa kan hazo mai kusurwa uku daidai wa daida, kamar an ja ta da zare, tana tsaye a sarari, sannan ta riƙa janyewa zuwa gindin dutsen cikin 'yan mintuna.

Saukowa ta fi hawa cin gwiwa, domin kowane taki nauyin jiki gaba ɗaya ke dira a kanta. Ka riƙe sanda, ka riƙa saukowa a ɗan karkace, ka yanke farcen ƙafa tun a masauki. In kana da hawan jini ko ciwon zuciya, ka ga likita kafin ka yanki tikiti. Kada kuma ka sa ranar zagayen kasuwa washegari, don sha-raɓa kan yi kwana biyu tana tsami.