Fatawa: Shin Sukan da Girkawa Suka Yi wa Dimokuraɗiyya Hujja Ce ta Mulkin Tsiraru?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne a sashen kimiyyar siyasa. Mun karanta yadda masanan Girka irin su Filato suka soki dimokuraɗiyya, suka ce bai kamata ƙuri'ar jahili da ta masani su yi kunnen doki ba. Wani abokin karatuna ya ce ai ra'ayin Musulunci ke nan, tunda ahlul halli wal aƙdi, wato masu zaɓen shugaba a Musulunci, su ma tsiraru ne. Ya halatta in kafa hujja da maganarsu? Kuma abokin nawa ya yi daidai?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, karanta waɗannan littattafai da tattauna su halal ne. Ibnu Rushd, alƙalin birnin Ƙurɗuba na Andalus kuma babban malamin Malikiyya, har sharhi ya yi wa littafin siyasa na Aflaɗun, wato Filaton da kuke faɗa. Abin da bai halatta ba shi ne a mayar da maganar bafalsafe dalilin shari'a.

Sai ka fara sanin abin da suka soka. A birnin Atina, duk namiji baligi ɗan gari yana da damar zuwa taron gari, wanda ake yi kusan sau 40 a shekara, ana yanke hukunci da ɗaga hannu. Majalisar mutum 500 da ke shirya wa taron ajanda kuwa ba da zaɓe ake cika ta ba, ƙuri'ar sa'a ake jefawa, wanda ta faɗa wa shi ke nan. Mata da bayi da baƙi ba su da ta cewa. A shekara ta 406 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), rundunar ruwan Atina ta ci nasara, amma guguwa ta hana a ceto mutanen da jiragensu suka farfashe. Taro ya harzuƙa, aka haɗa kwamandojin a ƙuri'a guda ba tare da an saurari kowa shi kaɗai ba, aka kashe shida. Suƙraɗu, malamin Aflaɗun, ya ƙi yarda da wannan a ranar, shi ma a shekara ta 399 alƙalai kimanin 500 suka yanke masa kisa.

A nan masu sukan sun yi gaskiya, shari'a ma ta tsaya a kan haka. Yawan hannuwa ba ya halatta jinin kowa, kowane wanda ake tuhuma sai an kawo hujja a kansa shi kansa, domin Allah ya ce wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani (An'am, 164). Ya kuma tabbata a Bukhari cewa idan aka danƙa al'amari ga wanda bai cancanta ba, a saurari tashin Alƙiyama.

Amma dubi abin da ya faru da aka gwada mulkin tsiraru a Atina. A 411 mutum 400 suka ƙwace mulki, cikin wata huɗu suka rushe. A 404, da goyon bayan birnin Sparta, abokin gabar Atina, mutum 30 suka hau, suka taƙaita cikakken 'yanci ga mutum 3,000, suka karɓe makaman sauran, suka kashe kimanin 1,500 a ƙasa da shekara guda, da yawa don a kwashe dukiyarsu kawai. Jagoransu Kiritiyas dangin mahaifiyar Aflaɗun ne. Kuma kada a yi wa Aflaɗun ƙage: masana yake so su yi mulki, mulkin masu kuɗi kuwa ya ce yana raba gari gida biyu, na attajirai da na matalauta. Arisɗo, almajirin Aflaɗun, shi ma ya lissafa shi cikin gurɓatattun tsare-tsare.

Kuskuren abokinka shi ne ya dubi adadi ya bar sharaɗi. Imam Mawardi ya ambaci sharuɗɗa uku ga masu zaɓen shugaba: adalci, da ilimin sanin wanda ya cancanta, da basira da hikima. Babu dukiya a ciki, babu gado. Sayyidina Umar ya ware mutum shida su fitar da halifa a cikinsu, haka ne, amma Abdurrahman bin Auf bai rufe ƙofa da su ba, kwana uku yana bin mutanen Madina yana jin ra'ayinsu kafin a yi wa Sayyidina Usman mubaya'a a bainar jama'a. Waɗannan wakilan al'umma ne, shari'a tana kansu, ana iya yi musu gyara. Mutum 30 na Atina kuwa babu mai tambayarsu. Alƙur'ani ya yabi muminai da cewa al'amarinsu shawara ce a tsakaninsu (Shura, 38), kuma da ya raba dukiyar fai'i, wato wadda aka samu daga abokan gaba ba tare da yaƙi ba, ya faɗi dalili: don kada ta riƙa zagayawa tsakanin mawadata kaɗai (Hashri, 7).

Saboda haka ya halatta ka kawo maganar Girkawa a jarrabawa ko a muhawara a matsayin shaidar tarihi cewa rinjaye yana iya yin zalunci. Bai halatta ka ce Musulunci ya zaɓi mulkin tsiraru masu dukiya ko 'yan gado ba, wannan jingina wa shari'a abin da ba ta faɗa ba ne. Ka sanar da abokinka cikin lumana, ka nuna masa sharuɗɗan nan uku. Wallahu a'alam.