Amsoshin tambayoyinku: allon chess mai batir ko manhajar waya?

Wani ɗan uwa daga Jega yace ya ga ana tallan allon chess mai kwamfuta a Facebook, an rubuta wai ƙarfin grandmaster (babban gwanin chess) gare shi, shin ya fi manhajar wayarshi ƙarfi?

Malam riƙe kuɗinka. A 1997 sai da IBM ta haɗa ƙaton inji Deep Blue kafin ta ci Kasparov, zakaran chess na duniya a lokacin, amma zuwa 2009 manhajar chess Pocket Fritz daga cikin waya ta lashe gasa a Ajantina. Yau Stockfish, injin chess na manhaja, kyauta ne, makinshi na auna ƙarfin wasa ya haura 3500, Carlsen kuwa, wanda ya fi kowane ɗan Adam maki a tarihi, iyakar da ya taɓa kaiwa 2882. Ka sauke DroidFish, manhajar Android mai Stockfish a ciki, ko data baya ci in ka gama saukewa.

Abin da ke ƙona min rai shine kayan kwantena. Allunan gaskiyan irin su Mephisto da Novag da Saitek sun yi tashe shekarun 1980 da 1990, kuma ko su wayarka zata yi musu kaca-kaca, balle wanga da ba sunan kamfani ba adireshi ba garanti, sai hoton bature yana dafe goshi a kwali. Ka zuba kuɗin buhun shinkafa, sati biyu maɓallin ƙasan doki ya daina ji, ka kira mai kayan lamba a kashe, mai gyaran waya a kasuwa yace bai taɓa ganin irinshi ba. Kuma da yawansu in ka ci su sau ɗaya, da hanya guda zaka dinga cinsu kullum. In mai sayarwa ya kasa faɗa maka manhajar da ke ciki, wuce abinka.

Wani daga Zuru na tambaya ko zai iya leƙen Stockfish yana buga wasa a Lichess, shafin buga chess a intanet. Haba! Wannan sata ce, kuma masu shafin suna kamawa su sa wa akawun tambarin maguɗi.

Hajiya daga Gusau tana tsoron ba ɗanta waya saboda TikTok, ga shi yaron na son chess sosai. Hajiya kwantar da hankalinki, Allah ya raya mana shi. Anan ne allon ke da rana, don yaro ba ƙarfin inji yake buƙata ba. Amma fara sai mishi allon roba mai araha tukuna ya dinga bugawa da yayyenshi, in ya shekara bai jefar ba ki sake rubuto min mu duba DGT Centaur, allon chess mai kwamfuta, ko da yake da dala ake sayenshi.